Wasiƙa zuwa ga ɗana kan haɗa motar tsere mai taya shida

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na ji kwalin sassan ƙaramar motar roba, kwaikwayon motar tsere Tyrrell P34, na kamfanin Tamiya ya iso hannunka. Zaɓen ya yi kyau, sai dai akwai aiki. Motar ta 1976 ce, tayoyi huɗu ƙanana masu wilin inci 10 a gaba, manya biyu a baya, kuma da ita Jody Scheckter ya ci tseren Suwidin a shekarar. Taka an rage ta sau 20, wato kuskuren rabin milimita a teburinka santimita guda ne a jikin ta gaske. Duk wanda ya san motar, abin da zai fara dubawa shi ne ko tayoyin shida sun taka ƙasa.

Ranar farko kada ka buɗe gam. Wanke sassan da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, domin maiƙon da ke jikin roba yana hana fenti kamawa. Kada ka karya sashe da hannu daga firam ɗin robar da ya zo manne da shi. Yanke shi da ƙaramar filaya, ka bar ɗan toho, ka aske shi da reza, ka bi da samfefa mai lamba 600, sannan 1000. Kowane sashe ka gwada shi a gurbinsa kafin ya ga gam.

Gam ɗin Tamiya mai ruwa-ruwa narkar da roba yake yi har sassa biyu su zama ɗaya, shi ya sa ba ya cin wurin da ke da fenti ko ruwan azurfa. Kankare mahaɗar tukuna. Haɗa sassan, ka taɓa bakin tsagar da burushi sau ɗaya, shi zai bi ta da kansa. In ya malalo kada ka goge, zanen yatsanka zai zauna daram. Bar shi ya bushe ka bi da samfefa.

Yanzu batun ƙafafu. A motar gaske injin Cosworth DFV da giyarsa su ke ɗauke da ƙafafun baya, haka ma a taka. In injin ya karkace ko kaɗan, taya ɗaya ta gaba za ta ɗaga, ka yi ta neman laifi inda babu shi. Saboda haka fara daidaita inji da bodi, su kwana. Washegari haɗa ƙafafun gaba da gam kaɗan, ka zura tayoyin shida ba gam, ka ɗora motar a kan madubi tun mahaɗun suna motsi. Tura 'yar takarda ƙarƙashin kowace taya. Inda ta wuce salin-alin, wannan tayar a sama take; gyara nan take, ka aza ɗan nauyi a tsakiyar motar, ka bar ta zuwa safe. Ka kuma duba ta gaba, tayoyin huɗu su fuskanci wuri ɗaya.

Fenti a waje ake yi, da takunkumi a fuska. Fentin ƙasa mai ruwan toka tukuna, shi ke tona duk wani ƙarje. Sai shuɗin fentin bodi: gwangwani nesa da kamar santimita 25, feshi biyu marasa kauri da tazarar minti 15, na uku ya ɗan jiƙa. Feshi ɗaya mai kauri zubowa yake yi ya cike layukan bodi. Da hunturu ka kifa kwali a kai da zarar ka gama, ƙura ba ta da kunya. Da damina kuwa ka guji ranar hadari, laima na dusashe sheƙi. Kada ka shanya ta a rana, roba lanƙwashewa take yi.

Sitika sai a kan fenti mai santsi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasa, gefenta ya yi fari. Tsoma ta a ruwan ɗumi daƙiƙa 10, jira ta saki takardarta, zame ta da matsefata, ka matse ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Lamba 3 ta Scheckter ce, 4 ta abokin tuƙinsa Patrick Depailler.

'Yan tagogin gefen mazaunin direba, waɗanda ta nan yake hango tayoyin gaba, kada sufa gulu ya kusance su, tururinsa na mayar da su fari. Ɗigon farin gam na kafinta a bakin tsinken sakace ya isa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka