Zuwa ga Edita: Soulcalibur ba gem ɗin danne-danne ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu yi magana a kan abin da ba kasafai ake kawo shi shafin wasiƙu ba, wato gem ɗin faɗa da makami, musamman wanda ake kira Soulcalibur. Mu masu gidajen gem ne da masu gyaran na'urorinsu a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura da Garki a Jihar Jigawa. Wanda duk ya leƙa irin waɗannan rumfuna ranar kasuwa zai tarar da talabijin biyu ko uku, kusan duka ƙwallo ake bugawa a kansu, in an gaji a sa Mortal Kombat. Soulcalibur yana nan cikin na'urar, amma sai a buɗe shi, yaro ya yi ta danna madannai barkatai na minti biyar, ya ce ba daɗi, a rufe. Iyaye kuwa da zarar sun hango takobi a allo sai su ce daba ake koya wa yara. Mu a ganinmu wasan nan yana cikin mafi inganci da aka taɓa yi wa na'urar gem ta PlayStation 2, wato PS2, kuma rashin sanin kansa ne ya sa ake raina shi.

Kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya yi shi, masu Tekken. Soulcalibur na farko ya fito a 1998, na biyu ya hau PS2 a 2003, na uku a 2005, sai Broken Destiny na ƙaramar na'urar hannu ta PSP a 2009, wanda shi ne samari ke sawa a waya da manhajar PPSSPP. Na shida ya fito a 2018 a kan PS4, amma wannan bai kai ga yawancin rumfunanmu ba. Maganarmu a kan na biyu da na uku da na wayar take.

Madannai huɗu ne kacal na hannun gem aikin ya rataya a kansu. Mai kusurwa huɗu, wanda yara ke kira bokis, shi ne saran gicciye, wato makamin ya zo daga gefe zuwa gefe kamar mai yankan ciyawa. Mai kusurwa uku shi ne saran tsaye, daga sama zuwa ƙasa kamar mai faskare, ko suka kai tsaye. Mai zobe hauri ne. X kuwa kariya ce, kuma a nan waɗanda suka saba da Tekken ke faɗawa rami, don a can ja da baya ake yi a tare duka, a nan kuwa X ake riƙewa a tare. Sannan akwai tafiya. Ɗan wasanka yana iya zagaya fage ta fuskoki takwas, gaba da baya da gefe da kusurwoyi, muddin ka riƙe sandar hannun gem ɗin ta inda kake so. Saran tsaye ya fi ciwo, amma siririn layi yake bi, taku ɗaya zuwa gefe ya isa ya wuce ka a banza. Saran gicciye shi ne maganin mai yawan gocewa, sai dai da yawansa sama yake bi, in ka durƙusa sai ya wuce ta saman kanka. Mai yawan durƙuso kuma saran tsaye ne ke fasa masa kai, don kariyar durƙushe ba ta tare saran da ya zo tsakiyar jiki. Kowane abu da maganinsa, kuma kai da abokin karawarka kuna zaɓe ne a lokaci guda, kowa na ƙoƙarin karanta zuciyar ɗan'uwansa.

Wanda ya taɓa tsayawa filin dambe ya san wannan yanayi. 'Yan dambe biyu sukan ɗauki lokaci suna zagaye, hannun garkuwa a miƙe ana auna tazara, hannun da aka ɗaure a baya ana jira, 'yan kallo na ta ihu a kai duka, su kuwa ko gezau. Wanda ya fara kai hannu a banza shi ke buɗe kansa. Haka Soulcalibur yake, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babban darasin farko da ya kamata a koya wa sabon shiga shi ne ya tsaya daidai inda makamin abokin karawa ba ya kaiwa, ya bar shi ya sari iska, sannan ya shiga kafin makamin ya dawo.

Abin da ya bambanta shi da gem ɗin naushi shi ne kowane makami da tsawonsa da nauyinsa, kuma ana jin haka a hannu. Kilik gora yake riƙewa, doguwa, yana taɓa ka daga inda kai ba ka isa ka taɓa shi ba, shi ya sa ya fi dacewa da mai koyo, musamman yaran da suka tashi suna ganin yadda makiyaya ke juya sanda. Mitsurugi mai takobin Japanawa ne, ba shi da tsawon Kilik, ba shi da saurin Taki, amma babu inda ya gaza. Taki gajerun wuƙaƙe biyu gare ta, in ta manne maka ba ka samun sararin numfashi, in ka tsare ta a nesa kuwa ba ta da abin yi. Nightmare da Siegfried takobinsu ya kusa kai tsawon mutum, sara uku ko huɗu masu kyau sun kai rabin rai, amma duk saran da ya kuskure sai ka ga sun ɗauki lokaci kafin su dawo da shi. Astaroth ƙaton gatari yake ja, ga kamun kokawa iri-iri, har wanda ya durƙusa yana iya cafkewa. Sophitia gajeren takobi da garkuwa, gwanar ramuwa ce bayan ta tare. A na uku aka ƙaro Zasalamel, baƙar fata mai ƙaton lauje, wanda ke ƙugiyo mutum ya jawo shi kusa. Ivy da Voldo da Maxi a bar su sai hannu ya faɗa, don suna sauya tsayuwa a tsakiyar faɗa, mai koyo kan rasa inda ɗan wasansa ya dosa.

Kamun kokawa ana yin sa ne da bokis da X tare, ko kusurwa uku da X tare, kuma shi ne maganin wanda ya maƙale a kariya ya ƙi motsi. Ana kwance shi in an yi sauri: kamun bokis da bokis ake kwance shi, na kusurwa uku da kusurwa uku. Yawancin yara kamu ɗaya suke maimaitawa, in ka lura da wanne ne ka gama da su. Akwai kuma saran da kariya ba ta tarewa, ana gane shi da wutar da ke kama makamin kafin ya sauko. Yana da nawa ƙwarai, kada a tsaya kallonsa, a goce gefe ko a katse shi da ɗan gajeren sara. Wanda aka cilla sama kada ya saki hannu ya jira ƙasa, ya tura sandar gefe yana cikin iska, sau da yawa sara na biyu zai kuskure shi.

Amma abin da ya fi komai daɗi a wasan nan shi ne kaɗe makami. Maimakon ka riƙe X ka tare, sai ka tura gaba ka danna X daidai lokacin da saran zai sauka a kanka. In ka dace, za ka ji ƙarar ƙarfe, ka ga walƙiya, makamin abokin karawarka ya yi baya, shi kuma ya tsaya a buɗe. A wannan ɗan lokacin ba ya iya tarewa, abu ɗaya ya rage masa, shi ma ya kaɗe naka. To in ka san zai yi haka sai ka ɗan jinkirta saranka, ya kaɗe iska, ka same shi a sarari. In ka yi gaggawa ko ka makara, kai ne za ka sha saran gaba ɗaya. Gwanaye biyu kan kaɗe wa juna sau uku, sau huɗu a jere, rumfa ta yi tsit. Ga kuma bakin fage: da yawan filayen ba su da katanga, wanda aka tura ya faɗa waje ya rasa turmin nan take ko da ransa a cike yake. Don haka ba a taɓa cewa faɗa ya ƙare, kuma wanda ya ba bakin fage baya ya yi sakaci.

Yanzu ga inda mu masu rumfuna muke ɓata wasan da hannunmu. Gem ɗin hotuna 60 yake nunawa a kowace daƙiƙa, kuma sara mafi sauri yana sauka cikin kimanin hotuna 10 zuwa 14. In talabijin ta makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, hotuna shida ke nan sun tafi, rabin lokacin da mutum yake da shi na ganin sara. Kaɗe makami ba ya yiwuwa a haka, sai yaro ya koma danne-danne don shi kaɗai ke masa aiki. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ba ta da wannan makara, illarta cin wuta, tana saurin shanye batirin sola. Wanda ya koma filasma saboda sola ya shiga saitin hoto ya nemi tsarin gem ya kunna, ya kashe duk wani abin gyara hoto da sulɓinsa, kuma ya guji ƙananan na'urorin nan masu araha da ke mayar da wayar PS2 zuwa HDMI in talabijin ɗin tana da ramukan ja da fari da rawaya.

Hannun gem ma haka. A ƙarƙashin kowane madanni akwai roba mai baƙin ɗigo, ita ke taɓa allon ciki. Ƙurar hunturu da gumi kan taru a wurin, sai X ya riƙa ɗaukewa, mutum yana riƙe da kariya sara yana shigarsa. A kwance hannun, a goge ɗigon da allon da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe. In robar ta yage canza ta za a yi, liƙi ba ya riƙe ta. A ƙwallo ana iya lallaɓawa da hannu mai matsala, a nan ba a iyawa. Kuma a shiga saitin madannai a ɗora kamun kokawa biyun a kan madannan L1 da R1 na saman hannun, don hannuwan kasuwa ba kasafai suke karɓar madanni biyu a lokaci guda daidai ba. Masu loda gem daga filashi su sani ramin USB na PS2 tsohon yayi ne mai nawa, shi ke sa bidiyon farko yin tsalle-tsalle da daɗewa kafin fage ya buɗe, ba lalacewar na'ura ba ce. Soulcalibur III kuma yana da wata sananniyar matsala: in aka goge ko aka taɓa ajiyar wasu gem a memori ɗaya da shi, tasa ajiyar tana iya lalacewa. A ware masa memorinsa shi kaɗai. A na biyu, in za a kara tsakanin mutum biyu, a zaɓi karawa ta yau da kullum, kada a shiga wadda ake ɗaukar makaman da aka buɗe, don wasunsu na ƙara ƙarfi ko tsawo, adalci ya tafi. Masu bugawa a waya kuma su nemi hannu mai Bluetooth ko na waya ta OTG, gilashi ba ya ba da damar danna biyu tare cikin lokaci.

Iyayenmu da malamanmu suna da gaskiya a wani wurin, ba za mu ɓoye ba. Ta fuskar jini dai wasan nan da sauƙi, ba a fille kai, ba a farke ciki kamar yadda ake yi a Mortal Kombat, wanda aka kayar yakan tashi a turmi na gaba. Matsalarsa ta gaskiya shigar wasu matan ce, musamman Ivy, shiga ce da ba ta dace da idon yaro ba, balle a rumfar da ke bakin hanya. Kowane ɗan wasa yana da aƙalla kaya kala biyu, kuma a Soulcalibur II kayan Ivy na biyu riga ce mai dogon hannu da wando, mai rumfa ya sa doka a kan haka ko ya hana ɗaukarta. A na uku ana iya ƙirƙirar ɗan wasa a tufatar da shi yadda ake so, a ba shi makamin da ake so, awa ɗaya ta isa a shirya mutum biyar ko shida masu cikakkiyar sutura. Na waya ya fi buƙatar sa ido, don a cikinsa sulke da tufafi kan fashe in duka ya yi yawa. Labarin wasan kuma tatsuniya ce ta wani la'anannen takobi, har da gumakan Girkawa a ciki, karawar mutum biyu ba ta buƙatarsa, a tsallake shi.

Faɗan da ke tashi a gidan gem kuwa, takobin allo ba shi ke kawo shi ba. Tsarin nan ne na wanda aka ci shi zai biya, da 'yan kallo masu sa kuɗi a gefe, abin da ba shi da maraba da caca. Muna kira ga 'yan'uwanmu masu rumfuna daga nan har Gumel da Kazaure da Ɗambatta: kowa ya biya kuɗin zamansa kafin a ba shi hannu, wanda ya ci sau uku a jere ya tashi ya ba na baya, a kashe na'ura in an kira salla, kuma kada a karɓi yaro a lokacin boko ko Islamiyya ko da kuɗinsa a hannu.

Wassalam.

Daga wasu masu gidajen gem da gyaran na'ura,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.