Wasiƙa ga Iyaye: Aikin Kimiyya na Wannan Zango a Kan Motar Duniyar Wata

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wasunku sun aiko suna tambayar dalilin da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suka addabi gida da neman kwali, waya da tsofaffin silifas. A yi musu haƙuri, mu muka sa su. Kowane rukuni zai ƙera samfurin motar da 'yan sama jannatin Amurka suka tuƙa a duniyar wata. Ga bayani kaɗan, don in yaro ya zo da zancen ku san inda ya dosa.

Sau 3 aka kai irin wannan mota wata, a tafiye-tafiyen Apollo 15, 16 da 17, tsakanin 1971 da 1972. Kamfanin Boeing ne ya ƙera wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. David Scott ya fara tuƙa ta, James Irwin na zaune a gefensa. A naɗe take tafiya, manne a jikin kumbo, sai an sauka a warware ta. Nauyinta kusan kilo 210 a nan duniya, gudunta bai wuce na mai keke ba, wajen kilomita 13 a awa.

Yaranmu sun iya motar kara da ta langa-langa tun kafin su shigo makaranta, don haka ƙirar ba za ta ba su wuya ba. Inda makin yake shi ne bayani. Kowane sashe na motar nan akwai matsalar da aka yi shi dominta, kuma malamin zai tsaya a kan kowanne ya tambayi dalili.

A ɗauki inji. Babu iska a wata, fetur kuwa ba ya cin wuta sai da iska, shi ya sa aka yi ta da batir 2, kowace ƙafa da nata ƙaramin injin lantarki. Tayoyin ma babu roba babu bugun iska: ragar wayar ƙarfe ce aka saƙa, aka ɗora mata ƙananan faifan ƙarfe don kada ta nutse a ƙura. Sitiyari babu. Safar hannun 'yan sama jannati tana da kauri da tauri, sai aka sa sanda guda tsakanin kujeru biyu, a tura gaba ta tafi, a karkata ta juya, a ja baya ta tsaya. Kamfas ba ya aiki a can, saboda wata ba shi da maganaɗisu irin na duniya, sai wata na'ura ke lissafa nisa da alkiblar komawa kumbo. Akwai kuma doka: kada a yi nisan da in motar ta lalace, iskar shaƙarsu ba za ta isa su dawo da ƙafa ba. Mafi nisan da aka taɓa yi daga kumbo shi ne kilomita 7.6.

Labarin da ya fi burge yaran, mu ma malamai ya burge mu, shi ne na tafiyar Apollo 17, a Disamban 1972. Gudumar da ke aljihun ɗan sama jannati Eugene Cernan ta maƙale murfin tayar baya ta karya shi. Abu kamar wasa, amma ƙurar wata baƙa ce mai kaushi, taya na watso ta a kan mutane da kayan aiki, ta sa su ɗaukar zafin rana. Da shawarar injiniyoyin NASA da ke birnin Houston na Amurka, shi da abokin tafiyarsa Harrison Schmitt suka haɗa taswirori 4 da salatif, suka matse su da maƙalai a gurbin murfin. Da wannan facin suka ƙarasa aikinsu, jimillar tafiyarsu ta kusa kilomita 36, har Schmitt, wanda masanin duwatsu ne, ya gano ƙasa mai ruwan lemo a bakin wani rami. Motocin 3 suna can har yau inda aka bar su.

Roƙonmu gare ku shi ne kada a sayi komai. Abin da aka yar a gida ya isa. Kada kuma yaya ko kawu mai sana'ar walda ya ƙera wa yaro, muna ganewa, kuma ba ma ba da maki a kai. In za a yanka gwangwani ko waya, babba ya tsaya a kansa. 'Yan mata ma kowace tana cikin rukuni, a bar su su taɓa fulaya.

Za a baje kolin ayyukan ranar taron iyaye da malamai na ƙarshen zango, bayan an tashi daga taro. Ku zo da tambayoyinku, yaran ne za su amsa.

Wassalam,
Shugaban makaranta, a madadin sashen kimiyya