Kaluluwar Wuya Da Ba Ta Ciwo Ita Ce Abar Tsoro

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don mu ja hankalin jama'a kan sankarar kai da wuya, wato ta baki, harshe, maƙogwaro, akwatin murya da lungun bayan hanci. Tun 2014 aka ware 27 ga Yuli don tunawa da ita, amma har yau yawancin masu ita sai ta ci ƙarfinsu ake kawo su asibiti.

Ma'aunin da muke so kowa ya riƙe shi ne mako uku. Murya ta dushe, ko gyambo a gefen harshe ya ƙi warkewa, ko haɗiya ta yi wuya, idan abin ya haura mako uku, ya wuce aikin kemis. Haka ma hanci ɗaya da ya toshe yana haɓo, ko kunne ɗaya da ya dode wa babban mutum.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kaluluwa. Wadda mura ko ciwon haƙori ke kawowa tana zafi, kuma cikin kwanaki take sacewa. Ta sankara tauri gare ta kamar dutse, ba ta ciwo, girma kawai take yi. Rashin ciwon nan ke sa a yi sake. Sai a sha maganin ƙwayoyin cuta zubi uku, a ce tarin fuka ne, daga nan a kai wa wanzami ya yi sakiya. Tsaga ta ba ya fitar da komai, sai dai ya bar rauni da ba ya rufewa, ya kuma dagula tiyatar da za a yi daga baya. A asibiti siririyar allura ake sa wa a ɗebi samfuri, sannan a zura ƙaramar kyamara ta hanci a nemo tushen.

Taba ce kan gaba wajen jawo wannan sankara, ta sha da ta gari da ake cusawa a dasashi. Idan ta haɗu da giya haɗarin ya ninka. Amma ta bayan hanci kan kama har matashin da bai taɓa riƙe sigari ba.

Wanda aka tura gashi da na'ura, wato ƙona sankarar da haske mai ƙarfi, a Shika ko Sakkwato ko Abuja, ya fara ganin likitan haƙori. Gashin yakan ɗauki mako shida zuwa bakwai, kwana biyar kowane mako. Baki zai yi gyambo wajen mako na uku; kada a gudu gida, domin kowane tsaiko dama ce ga ciwon ya sake tofowa.

Naku,
Wasu likitocin kunne, hanci da maƙogwaro, Kaduna