Wasiƙa zuwa ga Lawal kan kaset-kaset ɗin Baba

Rafindadi, Katsina.

Assalamu alaikum Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin Amurka? Saƙonka na tambayar wane kati za ka saya don a kwafe kaset-kaset ɗin bidiyon Baba zuwa kwamfuta ya iso, kuma tun kafin in yi nisa: kada ka biya kuɗin komai tukuna. Ɗan akwatin nan da ka turo hotonsa, mai karɓar waya ja da fara da rawaya ya fitar da hoton ta HDMI, wayar talabijin na zamani, cire shi daga lissafi. Zan gaya maka dalili.

Hajiya ta sa Sadiya ta fito da jakar kaset-kaset ɗin, na duba. Kaset iri uku ne a ciki. Mafi yawa Video8 da Hi8 ne, a nan ne hawan sallar zamanin Sarki Muhammadu Kabir Usman yake, da bikin Yaya Binta. Akwai VHS-C kaɗan, sai MiniDV na baya-bayan nan. Kowane da hanyarsa, shi ya sa tambayar “wane kati zan saya” ba ta da amsa ɗaya.

MiniDV ba ya buƙatar katin ɗaukar bidiyo, wato na'urar da ke mayar da hoton kaset fayil a kwamfuta, ko kaɗan, don abin da ke cikinsa dama na dijital ne. Kyamara ake haɗawa da kwamfuta ta wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, a kwafe shi yadda yake da manhajar WinDV, kusan GB 13 kowace awa. Kwamfutar tebur ake sa wa katin FireWire na PCIe, mai guntun Texas Instruments ya fi zama lafiya. Wayar nan da ake talla mai USB a kai ɗaya, FireWire a ɗaya kan, ba ta aiki, asarar kuɗi ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kaset ɗinmu tsarin bidiyo na PAL ne, hoto 25 a daƙiƙa, girmansa a kwamfuta 720 da 576. Ku can NTSC kuke amfani da shi, kusan hoto 30, girma 720 da 480. Duk kyamarar gwanjo da ka gani da araha a garinku, ta NTSC ce, ba za ta karanta kaset ɗin Baba daidai ba. Ka nemo daga Ingila ko Jamus. A kayan Sony alamar mai sauƙi ce, lambar ƙirar tana ƙarewa da harafin E. Babu E, ka wuce. Na'urar bidiyon VHS ta Amurka kuma ga matsalar wuta, 120 take sha, tamu 230, ana jona ta ba taransfoma ta ƙone. Wannan a bar mana, za a samu wurin masu gyara nan ko Kano, tare da babban kaset ɗin nan da ake saka VHS-C a cikinsa. Video8 da Hi8 ba su da irin wannan, ba a taɓa yi ba, dole sai kyamara.

Kuma a ganina kyamarar nan ta fi katin muhimmanci, nan ya kamata kuɗinka ya fi zuwa. Ka nemi kyamarar Hi8 ta Sony mai ramin wayar hoto ta S-Video, wadda a cikin jerin saitinta akwai TBC, wato mai daidaita layukan hoto. Tsohon zaren kaset ba ya tafiya daidai a kan hed, wato abin da ke karanta zaren, layukan hoto sai su riƙa karkacewa, saman hoto ya lanƙwashe. Talabijin na haƙuri da wannan, kati ba ya haƙuri: sai ya zubar da hotuna, murya ta ci gaba, bayan minti ashirin ka ga bakin maroƙi ya rufe kirari na fita. TBC ke daidaita layukan kafin su isa katin. In ba a samu ba, ana ratsa siginar ta cikin na'urar DVD ta Panasonic DMR-ES10 ko ES15, ba don a ɗauka a faifai ba, don ta miƙar da hoton kawai.

Akwai hanya ta biyu: kyamarar Digital8 da ke karanta tsofaffin Video8 da Hi8 ta fitar ta FireWire. Ka huta da kati ke nan. Amma ba duka ke yi ba, wasu ƙirar ƙarshe an cire musu wannan, sai ka karanta littafin ƙirar kafin ka saya.

Af, Malam Ila ya yi amarya, walima ranar Asabar bayan la'asar, kuma ya ce in tuna maka bashin kilishinsa. Ni na ce mutumin da Banufiya ta riƙe wa aljihu ba a tambayarsa bashi. Ka gaishe ta, ka ce ubangidanta na Katsina na nan yana jiran gaisuwar sallah. Isiya kuma ya bar shago ya koma noman rani a Ajiwa, tumatir yake aiko mana.

To, katin. Abu uku nake dubawa: ya karɓi S-Video, ya yarda da PAL, ya miƙa wa kwamfuta hoton ɗanye a 720 da 576 ba tare da ya matse shi ba. I-O Data GV-USB2 na Japan shi na fi so, sai Hauppauge USB-Live2. S-Video na raba haske da launi a waya daban-daban, rawayar waya kuwa cuɗa su take, shi ya sa adon doki da zanen alkyabba ke rawa. Katin EasyCap mai araha kamar sayen kankana ne, sai ka fasa ka san cikinta: suna ɗaya, guntu daban-daban, wani ma ramin S-Video ɗinsa ado ne. Elgato Video Capture na da sauƙin aiki, amma manhajarsa na matse hoton nan take.

Akwatin HDMI ɗinka laifinsa ya fi haka. Kowane hoto a kaset rabi biyu ne, rabi 50 a daƙiƙa, a nan ne santsin motsi yake. Akwatin yakan haɗe su ko ya yar da ɗaya, ya buɗa hoton zuwa 1080, sau da yawa ya ja shi daga 4:3 zuwa 16:9, kowa ya yi faɗi. In kuma a 60 yake fitarwa, sukuwar dawakai a Ƙofar Soro sai ta riƙa tsalle-tsalle. Abin da ya yar ba ya dawowa.

Da manhajar VirtualDub ko AmarecTV za mu ɗauka, a adana da HuffYUV ko Lagarith, tsarin ajiya da ba ya rage ingancin hoto, murya a 48 kHz. Awa ɗaya na cin GB 30 zuwa 40, don haka ka haɗo da faifan ajiya na TB 2 guda biyu, ɗaya ya zauna wurinka, ɗaya nan. A tsara su NTFS ko exFAT, don FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce GB 4. Daga wannan uwar kwafin za a fitar da MP4 da manhajar HandBrake, a hoto 50 a daƙiƙa, shi za a raba wa dangi ta WhatsApp.

Biyu daga cikin kaset ɗin na ga farin fumfuna ta tagarsu, na ware su a leda daban. In aka saka su haka, za su toshe hed su shafa wa sauran, sai an share zaren tukuna. Sauran na tura musu makullin hana gogewa, na ce Sadiya ta sauke jakar daga saman sif, kusa da rufi zafi ya yi yawa. Aikin a kan inbata za a yi, don in aka ɗauke wuta zare na naɗe a hed, yana iya tauna shi. Kaset na minti 90 kuma minti 90 zai ci, ba gaggawa.

Ka turo mini lambar ƙirar kyamarar kafin ka biya, kuma ka sa mai ita ya nuna maka tana juya kaset, ba kunnawa kawai ba. Wa zai taho da kayan, Kawu Sule ne ko sai ka zo da kanka? Hajiya na tambaya.

Naka,
Aminu