Zuwa ga Babana, kan maganar kujerar da kake son kamawa

Assalamu alaikum Babana. Ya aiki, ya Kadunan? Mu nan kowa lafiya Alhamdulillahi, ƙafar Ummanka ma tayi sauƙi har ta fara fita unguwa.

Na saurari saƙon muryarka sau biyu, nace bari dai in zauna in rubuta maka, don in na kira ka a waya tun kafin in kai aya kake fara cewa "eh Baba na gane" alhali ni ban ma fara ba. Kace kana so ka kama kujera a wurin aikin nan na haɗaka da kuke cewa hob, ka biya kuɗin shekara gaba ɗaya tunda sun ce za su rage maka, kuma in ranta maka rabi. Da na faɗa wa Ummanka ta ɗauka sayen kujerar za kayi, tace wace irin kujera ce da wannan tsada, ko ta sarki ce? Da ƙyar na fahimtar da ita cewa hayar wurin zama ne, da wuta da intanet a ciki.

Toh ni dai abin bai zo min baƙo ba, duk da kana ta yi min bayani kamar wani sabon abu ne da ya sauko jiya. A 1984, shekarar da akayi canjin kuɗi, mu shida ne a shago ɗaya a Fagge, kowa da kekensa, kowa da kwastomominsa, babu maigida babu yaro. Teburin yanka ɗaya, dutsen guga ɗaya na gawayi, ƙarshen wata a raba kuɗin haya da na NEPA gida shida. Bambancinmu da ku kawai ku laftof kuke buɗewa mu kuma keke muke takawa, sannan mu ba mai kawo mana shayi kyauta. Shekara tara nayi a shagon nan, a ciki na auri Ummanka, a ciki aka zo aka yi min albishir ɗin haihuwarka, saboda haka ka bari in faɗa maka abinda na gani.

Dalilinka na farko na yarda da shi ɗari bisa ɗari, wato wuta. Ban manta Oktoban 2024 ba da layin wuta ya lalace arewa ta shiga duhu sama da mako guda, kana ta yawo da laftof a jaka daga mai cajin waya zuwa gidan abokinka, har aikin wancan baturen ya kuɓuce maka. Kuma tunda aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ma ta wuce 1000, ƙaramin janaretanka ya zama kamar wani ɗan da kake ciyarwa. Masu Band A ɗin da ake cewa ana basu awa 20 a rana su ma a Afrilun 2024 aka mayar musu da yunit naira 225. To mutum talatin su haɗu kan janareta ɗaya da sola ɗaya ai ya fi kowa ya tada nasa, wannan ko ɗan firamare zai yi lissafinsa. Sannan ranar da nazo wurinka na ganka da idona, laftof a kan katifa kai kuma a naɗe kamar mai tsintar shinkafa, kofin shayin jiya a gefe, ƙarfe sha ɗaya na safe ko wanka baka yi ba. Ban yi magana ba a lokacin amma abin ya tsaya min a rai. Mutumin da wurin kwanansa shi ne wurin aikinsa baya sanin yaushe ya fara yaushe ya tashi. Ko don ka sa riga ka fita da safe kamar kowa, ni na goyi bayan ka tafi.

Inda ban yarda ba shi ne biyan shekara. Wannan cinikin biri a sama ne Babana. Su masu irin wannan wuri yawancinsu ba nasu bane ginin, su ma haya suka kama na dogon lokaci daga mai gida, suka yanka shi ƙanana suna ba ku na wata wata. Ranar da kujeru suka ƙi cika, mai gida bai san wannan ba, kuɗinsa yake so. Kasan ni da bin labarai, akwai wani kamfani WeWork da aka kafa a New York a 2010, irin wannan sana'ar ce tasu sak, a farkon 2019 an yi masa ƙiyasin dala biliyan 47, kaji fa biliyan, amma a Nuwamban 2023 sai da suka je kotu neman kariya saboda karayar arziki, kuma babban abinda ya karya su kenan, hayar gine-gine na shekaru masu yawa a wuyansu, korona ta zo kowa ya koma gida, kujeru suka zama wayam. To in wannan ya faru da masu biliyoyin dala a Amurka, yaran nan biyu da suka kama bene ɗaya a Kaduna fa? Ban ce macuta bane, wataƙila ma sun fi ni gaskiya, amma mai gaskiya ma yana karyewa, kuma in an rufe ƙofa da kwaɗo kuɗinka na wata takwas yana ciki, haƙuri kawai za a baka.

Kayi kuma lissafi da watan da ya fi kowanne rashin aiki. Tela ya fi kowa sanin wannan, daga azumi zuwa jajibirin sallah ko barci bama yi, kuɗi na shigowa har ka ɗauka ka zama Alhaji, bayan sallah da kwana uku kuma sai ka wuni kana korar ƙuda, amma haya bata san bayan sallah ba. Kai ma aikin jinga kake, wata ka samu huɗu wata ko ɗaya babu, kuma kai da bakinka ka faɗa min shafin Fiverr da kake samun aiki a kai yana cire kashi 20 cikin ɗari kafin kuɗin ya iso hannunka. In watan da babu zai iya ɗaukar kuɗin kujera da na mota zuwa da dawowa da abincin rana da za ka saya a waje, to bismillah.

Kafin ka basu ko sisi ka sayi na kwana ɗaya ɗaya tukun, kamar sau uku, a ranaku daban. Kaje da azahar lokacin da wuri ya cika rana ta take, ka ga ko intanet ɗin na motsi, kuma kar ka gwada da kallon YouTube, ka tura babban bidiyo irin wanda kake cewa shi ke cin ranka. Ka tambaya ƙarfe nawa suke rufewa, don kwastomominka na Amurka lokacin da suke tashi daga barci mu nan munyi azahar, New York tana bayanmu da awa biyar zuwa shida, in ƙarfe shida ake kashe janareta to daidai lokacin da kake buƙatarsu kenan suka sallame ka. Ka tambaya yaushe hayar ginin zata ƙare, kar kaji kunya, ni da naji kunyar irin wannan tambayar sai da muka kwashe kekuna a kan baro da rana tsaka. Ka leƙa banɗaki, ka ga inda ake alwala da inda ake sallah.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki waya tun farko. Wuta da intanet ko ina ka biya za ka samu, abinda zai ɗaga ka ko ya kayar da kai a wurin nan mutanen da ke gefenka ne.

Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da nake yi wa ɗinki, duk sallah zai kawo na gidansa gaba ɗaya, nasa da na yara da na yaran shago, shi kaɗai yana biya min hayar rabin shekara. Ni kuma ƙuruciya, in yazo da ƙarfi nake ciniki don a ji ina da babban kwastoma, littafin awo kuma kullum a buɗe a kan tebur. Wata rana na tafi Kwari sayen zare, Alhaji yazo bai same ni ba, wanda kekensa ke jikin nawa, mutumin da muke cin abinci kwano ɗaya, ya tashi ya bashi kujera ya sayo masa ruwa, yace ai aiki yayi min yawa bana, da wuya in gama kafin sallah, ya faɗi kuɗi ƙasa da nawa kaɗan tunda ya san nawa nake karɓa, awon ma bai sha wahala ba ga littafi nan a buɗe. Na dawo na tarar da shaddojin a ƙarƙashin kekensa. Wata uku bama magana alhali gwiwata na gogar tasa. Na daɗe ina ganin laifinsa ne shi kaɗai, sai da na girma na gane ni na shimfiɗa masa tabarma da bakina. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa, mun shirya tun kafin nan, har shi ya ɗinka maka rigar suna.

Saboda haka maganar kuɗi da kwastoma ba a yinta a tsakiyar mutane, in suna da ƙaramin ɗakin waya ka shiga, in babu ka fita waje. In za ka tashi ko alwala ce ka kulle laftof ɗinka da lambar sirri, kar kace ai minti biyu ne. Sannan wanda ya fi damuna, kana gyaran bidiyon biki, kamu da dina da wunin mata, matan mutane ne da 'ya'yan mutane a ciki sunyi kwalliya suna rawa a tsakaninsu, amanarsu aka baka. Irin wannan aikin ko ka juya fuskar kwamfutar ga bango ko ka barshi sai ka koma gida. Wani ya tsaya a bayanka ya ɗauka da waya ya saka a TikTok, auren wani ya girgiza, ba hob ɗin za a nema ba, ɗan wane za a ce, kuma ƙofar gidana za a zo.

Amma kar wannan ya sa ka zama mai ɗaure fuska da abin kunne a kai tun safe har dare, don a shagon nan dai na samu mafi yawan alherin da na samu. Mai yi mana aikin wuya duk wanda ya kawo masa riga yana neman tela ni yake nuna wa, ni ma haka. Wata shekara aka kawo ɗinkin yunifom na wata makaranta, ba wanda zai iya shi kaɗai a cikinmu, muka haɗu mu shida muka gama cikin sati biyu. Kai kana dizain da bidiyo, na kusa da kai yana gina shafin intanet, wata tana rubutu, wanda yazo neman ɗaya yawanci yana buƙatar sauran. Sai dai kuɗin yunifom ɗin nan da ya fito saura kaɗan a daku, mai yanka yace shi yafi wahala, masu ɗinki suka ce su suka kwana, don ba mu yi magana ba tun farko, kowa na jin nauyin kowa. In za ku haɗa aiki ku rubuta wa zai yi me, nawa ne rabon kowa, wa zai karɓi kafin alƙalami, ko a WhatsApp ne a rubuta. Ayar da tafi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, to wa ya fi ƙarfin rubutu?

Sai majalisa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma kowane irin wannan wuri akwai waɗanda suke biyan kuɗi don su zo suyi hira a cikin sanyi, daga Arsenal sai kirifto sai kamfanin da za su buɗe wanda shekara uku ana buɗe shi a baki. Tunda Zuckerberg mai Facebook ya leƙa wani hob mai suna CcHub a Yaba ta Legas a 2016 kowane yaro yake ganin shi ma wata rana za a turo ƙofa a ɗauke shi. Ka gaisa da kowa, kasha shayi dasu, amma ka kula da wanda in yazo baya ɗago kai sai la'asar, kusa da shi za ka ja kujerarka. Matan da ke wurin kuma neman halalinsu suka fito kamar kai, ka girmama su kamar yadda kake so a yi wa ƙanwarka a makaranta, in kuma akwai wadda ta kwanta maka a rai ai kasan hanyar gidana, ba a lungun firinta ake wannan maganar ba. Caja da hadis ɗinka na ajiyar aikin kwamfuta kar ka fara bada aro, almakashina uku suka tafi a haka.

Zan turo maka kuɗin wata biyu ranar Juma'a in na ɗauki adashi, rance ne fa ba kyauta ba, kuma na rubuta a littafi. In wata biyun suka cika ka turo min lissafin abinda ya shigo da abinda ya fita sai mu sake magana. Ka karɓi rasit. Kuma ita kujerar kanta ka zauna a kai awa uku ka ji bayanka kafin ka zaɓa, ni benci na raina ga shi yanzu ruku'u sai na dafa gwiwa a hankali.

Ummanka tace akwai yaji da kuka da ta ɗaura maka, direban da ya saba zai taho dasu ranar Asabar, ka je Kawo da wuri kar ya juyo dasu kamar wancan karon. Tace kuma ka ɗauko mata hoton kujerar ta gani.

Mahaifinka.