Amsa ga Baba Alhaji kan kuɗin binciken ƙaryar waya

Assalamu alaikum Baba Alhaji, an wuni lafiya, ya iyali?

Ran Lahadi da kun ka bugo waya a shirin rediyon nan kun tambaye ni, wai ana fama da yunwa ga 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni, mi zai sa a ba malaman jami'a kuɗi su zauna binciken surutun Facebook da WhatsApp? Lokaci ya ƙare ban amsa ba, kuma wallahi tambayar ta tsaya min a rai.

Baba ku tuna 2014 lokacin Ebola, dare guda saƙo ya zagaye ƙasar nan wai a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha, mu ma kafin asuba an ka tashe mu, kuma akwai waɗanda sun ka rasa ransu a kan haka. Ga jita-jitar allurar shan inna ta 2003, yara nawa sun ka nakasa kafin a ce Najeriya ta rabu da cutar a 2020?

Abin da ke damuna shi ne yawancin binciken a Amurka da Turai ake yinshi, kan rubutun Turanci, mu kuwa ƙaryarmu a saƙon murya take yawo, cikin Sakkwatanci ko Fulatanci ko Zabarmanci, a gurup ɗin dangi inda ba wanda ke gani daga waje. Wa ke fara turawa? Mi ke sa Bahaushe da Bafulatani da ke cin kasuwar Illela tare tun kakanni su koma yi wa juna kallon hadarin kaji saboda bidiyon da ba a ma ƙasar nan an ka ɗauke shi ba? Ba a sanin wanga daga ofis, sai ɗalibai sun shiga ƙauye sun zauna da mutane, a biya mota a sai data a biya mai rubuta muryoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Kayan aikin kyauta ma ƙarewa suke, Meta mai Facebook ta rufe CrowdTangle, manhajar da masu bincike ke bin yaɗuwar saƙonni da ita, a Agustan 2024, X (tsohuwar Twitter) kuma tun 2023 sai da kuɗi masu bincike ke samun bayananta.

TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati, na da asusun bincike, haraji ne da kamfanoni ke biya, ba kuɗin maganin asibiti ba ne. Roƙona a ware wani abu daga ciki don wanga aiki, da sharaɗin duk abin da an ka gano a zo a karanta shi da Hausa a rediyo, ku kuma Baba ku sake bugowa ku tambaye mu inda kowace naira ta tafi.

Allah ya ƙara girma, a gaida mutan gida.