A gyara maganar da baƙonku ya yi kan kwantum

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka gayyato shirin kimiyya na makon jiya ya ce ilimin kwantum, wato fannin fiziks da ke nazarin ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra, ya tabbatar da cewa hankalin ɗan Adam ne ke sa abu ya tabbata, wai ilektron, ɗan mitsitsin ɓangaren ƙwayar zarra, ba ya zaɓar hanya sai mutum ya zuba masa ido. Har sau uku ya nanata, mai gabatarwa kuma sai "ikon Allah" yake ta cewa. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma raina ya ɓaci da kuka bar ta ta wuce haka.

Gwajin tsaga biyu da ya kafa hujja da shi ba ya buƙatar idon kowa. Ana harba ilektron ɗaya bayan ɗaya ta wasu 'yan tsage-tsage biyu, muddin babu abin da ya nuna wace tsaga kowanne ya bi, sai su taru a allo su yi ratsi-ratsi, kamar yadda Akira Tonomura da abokan aikinsa suka nuna a Japan a 1989. Abin da ke goge ratsin shi ne duk wani abu da ya taɓa ilektron ɗin ya ɗauke labarin hanyar da ya bi, ko ƙwayar haske ce, ko ƙwayar iska, ko na'ura. A kunna na'urar, a kulle ɗakin, kowa ya tafi gida, a ma goge bayanan ba tare da an karanta ba, ratsin ba zai dawo ba.

Da baƙonku ya san aikin da aka yi a Jami'ar Biyana ta Ostiriya, da bai faɗi haka ba. A 1999 Markus Arndt da Anton Zeilinger da mutanensu suka tura curin ƙwayoyin zarra 60 na kabon ta tsage-tsage masu tazarar nanomita 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ratsi ya fito. A 2004 suka ɗauki mai ƙwayoyi 70, suka riƙa gasa shi da leza, wato haske mai ƙarfi da aka tattara wuri ɗaya, kafin ya shiga na'urar. Yana da ɗan sanyi-sanyi ratsi na nan raɗau. Ana ƙara zafi yana dusashewa, da aka doshi digiri 3,000 a ma'aunin Kelvin sai ya ɓace ɗungurungum. Dalili kuwa, curin da ya yi zafi yana fitar da haske, kuma da zarar zangon hasken, wato tsawon igiyarsa, ya gajarta har ya isa ya bambance wannan hanya da waccan, to asiri ya tonu. Bangon bututun da curin ke bi ta cikinsa ne ya shanye hasken nan, ba wanda ya gan shi. Haka aka samu da suka riƙa sakin iskar gas kaɗan-kaɗan cikin bututun, karo na yawaita ratsi na raguwa. Wane hankali bango yake da shi?

Wannan ne ma ciwon kan masu ƙera kwamfutar kwantum. Da yawansu suna sanyaya na'urarsu zuwa ƙasa da kashi biyu cikin ɗari na digiri ɗaya sama da ƙarshen sanyi, wato sifili a ma'aunin Kelvin, suna killace ta daga maganaɗisu, don zafi da jijjiga ke lalata lissafin. Da kallo ne matsalar, ai da rufe ido ya wadatar.

Gaskiya ne masanin fiziks Eugene Wigner ya kawo zancen hankali a 1961, amma shi da kansa ya janye daga baya. Gaskiya ne kuma masana na jayayya har gobe kan yadda sakamako ɗaya tak ke fitowa idan an yi awo. Jayayya daban, "an tabbatar" daban. Irin wannan sakin baki ne ke ba masu yawo da akwatin "kwantum" a kasuwanni ƙarfin gwiwa, su sa mutum ya riƙe ɗan ƙarfe na minti ɗaya su ce sun gano ciwon ƙoda. Ku nemo malamin fiziks daga jami'a ya zo ya gyara, a daidai lokacin da aka saka wancan shirin.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sa wa ƙarƙashin hira. A ƙaramar rediyo yana danne muryar mai magana, musamman in ta waya ya kira.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani malamin fiziks, daga Zariya